Kakakin Tirela a Motar Dabo

Duk wanda ya taɓa zama a layin masu albasa na Illela ya san Dabo. In bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Dillalin albasa ne mai tsallakawa Kwanni ya dawo, amma shi a ganinsa aikin da aka halicce shi dominsa gyaran inji ne. Ya taɓa gyara rediyon maƙwabcinsa, rediyon ya koma kama tasha ɗaya tak, ita ma sai an riƙe masa wuya. Ya gyara fankar masallacin unguwa, ta riƙa juyawa da baya. Duk da haka shi ya raɗa wa kansa Injiniya, kuma in ka yi masa sallama ba ka haɗa da wannan suna ba, sai ya yi kamar bai ji ka ba.

Matarsa Tasalla ba ta da yawan magana. In ta yi magana sau biyu a jere sai ta ji kamar ta cika gari da surutu. Amma idonta ba ya barin komai ya wuce.

Shekarar da albasa ta yi daraja Dabo ya sayi mota ja 'yar Kwatano, tsohuwa amma lafiyayya. Tana tashi da murɗawa ɗaya, ba ta hayaƙi, ba ta tari. Ana cikin haka aka sa ranar bikin Ummi, ƙanwar Tasalla, wadda za a kai Kalmalo. Dangin ango suka aiko cewa za su turo motar ɗaukar amarya. Dabo na jin labari ya miƙe tsaye a tsakar gida.

"Ƙanwar matata ta shiga motar aro ina raye? Tashi ki tai ki gaya ma Inna a maida masu da godiya. Motata za ta ɗauki Ummi. Kalmalo za su ga abin da ba su taɓa gani ba."

Tasalla ta sa mayafi ta tafi gidansu ta isar da saƙo. Innarta ta dube ta ta ce, "Kin tabbata?" Ta ce, "Na tabbata, Inna." A gefe kuwa Gwaggo Hadijatu na zaune tana tsince shinkafa, ƙanwar mahaifinsu, matar da in ta riƙe maganarka ba ta saki har ka tsufa.

"To mun ji," in ji Gwaggo. "Ke kin ka ɗauko maganar, ke za mu riƙe. In motar ga ta ba mu kunya gaban mutanen Kalmalo, ba shi zan nema ba, ke zan nema."

Aka mayar wa dangin ango da motarsu.

Da Dabo ya bar abin nan haka, da babu labari. Sai ya tuna kai amarya ba ya armashi sai da hon, shi kuwa hon ɗin motarsa kukan ɗan tsako gare shi. Ranar kasuwa ya dawo daga wajen 'yan gwangwan da wani kakakin tirela, dogo kamar taɓarya, ya sha tsatsa.

"Tasalla, aza min ƙusa ga wuta."

"Mi za ka yi da ita, Malam?"

"Kakakin ga iska shika ci. Inji kuwa cike shike da iska, ba a san abin da za a yi da ita ba. Zan ɗebo kaɗan in ba shi. Turawan da sun ka ƙera motar ga ba su kai nan ga tunani ba."

Ta kawo ƙusar jajir a bakin awartaki. Ya ɗaga bonet, ya nemi wani baƙin tiyo mai shiga cikin inji, ya ɓula shi. Ya cusa siririn tiyo a ramin, ya naɗe da ledar burodi, ya ja shi har gefen sitiyari ya sa masa ɗan kan famfo, daga can ya kai shi ga kakakin da ya ɗaure da waya a goshin mota. Ya tayar da inji, ya gyara tsayuwa, ya murɗa famfon.

Abin da Dabo bai sani ba, inji zuƙar iska yake, ba hurawa ba. Maimakon kakakin ya busa sai ya ja numfashi ciki, ya yi wani dogon nishi, muuuhh. Injin ya yi rawar sanyi kamar zai mutu. Wata tsohuwa ta leƙo ta katanga tana tambaya ko saniyar wa ce ke naƙuda.

"Sabon salo ne," in ji Dabo. "Irin na ƙasashen waje. Ba shi firgita mutane."

Tasalla dai ta ji wani abu daban. Ko da an rufe famfon, akwai wani siririn sauti a gindin ledar burodin, tsssss, kamar an ɗiga ruwa a kaskon suya. Ta buɗe baki, ta ga yadda yake shafa kakakin, ta rufe.

Washegari wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, ta ƙi mutuwa. Motar da ke tsayawa lumui ta koma kakkarwa in an bar ta a tsaye, kamar mai zazzaɓi. In ya taka totur sai ta yi jim, ta yi tunani, sannan ta tafi.

Sahabi, maƙwabcinsu mai sayar da fetur a galan a bakin layi, ya leƙa ta taga.

"Injiniya, cek injin ta kama maka."

"Na gani. Ni nis sa ta kama, gwada ta nika yi."

"To ta ci jarrabawa, kashe ta mana."

Dabo ya shiga gida ya ɗauko baƙin salatif ya manne fitilar. Ya ce an gama. Motar ba ta san an gama ba. A ƙofar kasuwa ta mutu masa a tsakiyar titi, bayan wata motar raƙuma, sai da masu dako suka tura shi suna yi masa kirari.

Sai ya tuno wani direba ya taɓa cewa in aka cire kan batir mota takan manta da ciwonta. Ya cire, ya sha shayi, ya mayar. Ya ɓare salatif, ga fitila ta mutu. Nan fa Dabo ya tara mutanen layi, har da masu wucewa.

"Ku zo ku gani! Wanga aiki in Sakkwato ne sai an kwana uku ana kwance inji. Ni da kofin shayi guda na gama."

Ya yi ta zagaya unguwa da mota ranar, yana tsayawa ƙofar kowa. Bayan la'asar ya dawo majalisa, ya kira Sahabi ya zo ya shaida da idonsa. Sahabi ya sunkuya, ya duba, ya ɗago.

"Injiniya, baƙuwarka ta dawo. Ko mantuwa tay yi?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Tasalla na jin su daga zaure, ga biki ya matso har an fara rabon goro.

Da ƙyar Dabo ya yarda ya je wurin Lawwali, mai gyaran wayoyin mota a bayan tasha, wanda ke da 'yar kwamfutar da ake soka wa mota ta faɗi abin da ke damunta. Ya ce wa Tasalla ba gyara za shi ba, za shi ne ya duba ko kwamfutar Lawwali na aiki daidai. Da ya dawo shi da kansa ya ba ta labari, yana cika yana batsewa.

Wai Lawwali ya soka abin, ya duba, ya ce inji na ƙorafin iska ta rinjayi mai. Ko dai akwai inda ya tsage yana zuƙar iska ta ɓarauniyar hanya, ko kuma man ne ba ya isowa yadda ya kamata. Ya ce a buɗe bonet ya saurara.

"Kin ji wayo?" in ji Dabo. "So shike in buɗe mai ya ga fasahata, gobe in ishe kowace mota ta Illela da kakaki. Nic ce mai bonet ɗina ba shi buɗuwa gaban kowa. Ai ya riga ya faɗi abin da nika so. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Sauran aiki nawa ne."

"Malam," in ji Tasalla a hankali, tana kallon tabarma, "tun randa kaɓ ɓula tiyon ga nika jin wani tsssss..."

"Ke! Ke da ko keke ba ki taɓa tuƙawa ba? Wanga sautin lafiya ne. Inji ne ka numfashi."

Ya fara da ɓangaren mai. Ya fita ya tsaya a kan Sahabi, hannu a ƙugu.

"Kai ne ka sayar min da man da ba shi da ƙarfi. Kwamfuta ta tona ka."

"Kwamfutar ta ambaci sunana?"

"Ta ce mai ya yi kaɗan."

"To ai gaskiya tag gaya maka. Kullum na rabin galan kaka saye, ka ce a cika maka da albarka. Man ga shi 'yan kabu-kabu ka sha tun safe, wa kag ga ya dawo?"

"Babur daban, mota daban. Mota tana da ɗanɗano."

Don ya kafa hujja gaban jama'a, Dabo ya ce zai zuƙe man tankin duka a gani. Ya zura tiyo, ya kafa baki, ya ja. Bai zo ba. Ya sake ja da ƙarfin da yake kiran farashin albasa, sai fetur ya taho masa gaba ɗaya har maƙogwaro. Ya yi tsalle yana tofarwa, idanu jajir, yana nuna Sahabi da yatsa amma magana ta ƙi fita.

"Yaya ɗanɗanon, Injiniya? Da ƙarfi ko babu?"

Yinin ranar duk gyatsar da Dabo ya yi fetur ce. Mai tsire ya hana shi matsowa kusa da tukuba. Mai shayi ya miƙo masa nasa daga nesa a kan murfin tukunya. A masallaci aka bar masa sahu guda shi kaɗai. Ita kanta Tasalla sai da ta roƙe shi ya zauna a zaure har ta sauke tuwo.

Bai karaya ba. Ya buɗe akwatin kayanta ya kwashe ƙwayoyin kafur ɗin da take sawa don asu, ya zuba a tanki, wai suna ƙara wa mai kuzari. Sannan ya koma ɓangaren iska. Tunda iska ta yi yawa, ai sai a rage mata hanya. Ya buɗe akwatin da inji ke shaƙar iska ta cikinsa, ya cusa safarsa ƙafa biyu. Ya ga da saura, ya ɗauko wani ɗankwali a kan igiya ya ƙara. Ramin da ya ɓula da ƙusa kuwa ko kallonsa bai yi ba.

Motar ta daina sanin abin da take so. In ya taka ta shaƙe ta yi baƙin hayaƙi, in ya saki ta kama kakkarwa. Fitilar na nan daram.

"Kin ga hayaƙin ga?" in ji shi. "Ciwon ne ka fita."

Ana jibi biki Tasalla ta yanke shawara. Ta sa mayafi ta nufi gidansu da niyyar ta ce wa Inna a ɓoye a sake neman motar dangin ango. Tana shiga ta iske tsakar gida cike da mata ana ƙunshi, Gwaggo Hadijatu a tsakiya tana ba da labari.

"Mu ba mu aron mota. Mijin ɗiyarmu injiniya ne, motatai ja wur. Yawwa, ga ta nan. Tasalla, lafiya dai motar?"

Duk mata suka juyo. Tasalla ta dube su, ta fasa faɗin abin da ya kawo ta.

"Lafiya lau, Gwaggo."

Ta zauna aka sa mata lalle, tana kallon ƙafarta, tana jin kamar ta yi kuka.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, Dabo ya iso cikin babbar riga fara, mota ta sha ribon da furannin roba har ba a ganin lambarta. Aka fito da Ummi lulluɓe, tana kukan da amare ke yi. Aka sa ta a baya tsakanin Tasalla da wata ƙawarta. Gwaggo ta shige gaba ta gyara zama. A bayansu bas ce cike da mata cikin anko ruwan madara, sai abokan ango a kan babura.

Dabo ya leƙo ta taga ya ɗaga murya. "Kowa ya sani, ba a wuce motar amarya. Wanda yaw wuce ni ya raina surukaina."

Ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi. Wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida har masu guɗa suka sarƙe. Aka kama hanya.

Ba su bar layin ba Gwaggo ta ce, "Kai Dabo, haka za mu tai shiru kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa? Ina hon?"

Abin da yake jira ke nan. Ya murɗa famfo. Muuuhh. Injin ya yi shiru.

"Mi yaf faru?"

"Hutawa tay yi, Gwaggo. Motocin zamani suna hutawa da kansu."

"Ba mu kai ko'ina ba ta gaji?"

Abokan ango suka sauka daga babura suka tura. Ta tashi. Aka wuce tasha, mutane na ɗaga hannu, Dabo ya kasa daurewa ya sake murɗawa. Muuuhh. Shiru. Aka sake turawa. Kafin a fita gari samarin nan sun tura motar har sun daina hawa baburansu, sai dai wasu su ja babur biyu biyu, wasu su tsaya a bayan motar suna jira.

Tasalla ta sunkuyo dab da kunnensa. "Malam, duk sadda kam murɗa abin ga ita ka mutuwa."

"Dacewa ce kawai."

"Mi tac ce?" in ji Gwaggo.

"Yaba tuƙina takai."

A kan hanyar Kalmalo motar ta koma tafiyar hawainiya. Wani mai jaki ya wuce su, ya yi sallama, ya yi musu fatan alheri. Direban bas ya matsu ya wuce, amma al'ada ta hana, sai ya bi su a baya cikin hayaƙi. Matan da suka fito cikin anko ruwan madara suka fara komawa ruwan toka. Wata ta leƙo tana ihu, "Dabo, amarya mun ka rako ko gawayi mun ka zo saye?"

Cikin mota kuwa warin kafur ya haɗu da na fetur da na turaren amarya. Gwaggo ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Wanga wari hwa? Kamar an buɗe akwatin tsohuwa."

"Turaren inji ne, Gwaggo. Daga waje aka kawo shi."

Tasalla ta ji jikin Ummi na girgiza a gefenta. Ta ɗaga gefen lulluɓin kaɗan. Ummi ta cusa mayafi a baki, hawaye na zuba, dariya take kamar za ta shiɗe. Dama tun tana yarinya ita ce mai tsokanar Dabo, yau ga abin tsokana har ya yi yawa, ga shi amarya ba ta magana. Gwaggo ta waiwayo ta ga kafaɗun na rawa.

"Yi haƙuri ɗiyata, bar kuka. Kowace mace da haka tat tai. Kalmalo ba nisa, in dai ba cikin motar ga ba."

Ummi ta ƙara sunkuyawa, har da shessheƙa.

Rana ta yi ƙasa sosai kafin su hango tafkin Kalmalo. A bakin gari dangin ango sun fito tarye, maza a gefe, mata a gefe, sun gaji da tsayuwa. Kusa da hanya garken shanu ne ke tahowa daga shan ruwa. Dabo ya ga jama'a, ya gyara hula.

"Yanzu za su san an zo."

"Malam, don Allah," in ji Tasalla.

Ya murɗa famfon har ƙarshe, ya taka totur har ƙasa. Kakakin ya ja wani nishi mai tsawo da bai taɓa yin irinsa ba, muuuuuhhh, kamar maraƙin da aka raba da uwarsa. Injin ya yi fam! Bonet ya yi tsalle ya koma. Wani farin hayaƙi ya fito ta gefe. Komai ya tsaya.

Shanun nan kuwa suka ɗaga kai gaba ɗaya. Wata babbar saniya ta amsa, ta taho da gudu, sauran suka biyo ta. Kafin a ce wani abu sun kewaye motar. Wata na shinshinar bonet tana kuka, wata na cin ribon, wani bijimi ya kafa hanci a gilashin Dabo yana huci. Abokan ango suka watse. Dabo ya ɗaga gilashi da sauri ya danna makullin ƙofa.

"Fita ka kore su mana, Injiniya," in ji Gwaggo.

"Ba tsoro nika ji ba, Gwaggo. Ba a barin sitiyari da amarya ciki."

Sai ga mai shanun, wani dogon Bafulatani da ake kira Jaɓɓo, ya sauko daga amalankensa da sanda a kafaɗa. Ya ratsa shanun ya ƙwanƙwasa bonet.

"Wa ya sa maraƙi nan ciki?"

Dabo ya sauke gilashi kaɗan. "Wane maraƙi? Hon ne."

"Ni za ka gaya wa kukan maraƙi? Cikin shanu aka haife ni. Uwar ma ta ji. Buɗe."

"Bonet ɗina ba shi buɗuwa gaban kowa."

Jaɓɓo ya sauke sandar daga kafaɗa. Mutanen Kalmalo suka matso, don maganar satar dabba ba abin wasa ba ce a wajen. Wani dattijo daga dangin ango ya ce, "Malam, in babu komai buɗe mana a huta."

Dabo ya fito yana gyara riga, ya ɗaga bonet kamar mai buɗe kabarin kakansa. Jama'a suka leƙa. Akwatin iska ya tsage biyu. Safa ɗaya na rataye a kan batir, ɗaya na hayaƙi. Ga ledar burodi ta narke a jikin tiyo, ga ramin ƙusa ya buɗe baki, ga siririn tiyo ya bi ta gefe kamar jelar ɓera. Jaɓɓo ya sa bakin sanda ya ɗago wani ƙyalle rabinsa a ƙone, ya duba ƙarƙashinsa ko maraƙin na can.

Gwaggo ta fito ta karɓe ƙyallen. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Wanga ba ɗankwalin da nib ba Tasalla da salla ba ne?"

"Aikin maƙiya ne," in ji Dabo da sauri. "Wani yash shiga gidana ya yi min wanga aiki don ya ga bayana."

"Maƙiyin ya zo da safarka?" in ji direban bas. Matan bas, fuska duk toka, suka fashe da shewa. Mutanen Kalmalo suka kama, har dattijon nan sai da ya juya baya yana goge ido.

Gwaggo ta leƙa cikin mota. "Tasalla! Ke kin ka ce min lafiya lau."

Tasalla ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ƙasa za ta tsage da ta shige da takalmanta. Abin da ta yi ta gudu ya same ta, kuma a gaban gari guda.

Direban bas ya ce a fito da amarya a sa ta cikin bas, ga gidan can ana hangowa. Gwaggo ta daka masa tsawa.

"A gidanmu ba a sauke amarya bisa hanya. Inda tash shiga, nan za ta fita, ƙofar ɗakinta. Ko ɗaukar motar ga za ku yi bisa kai, ku ɗauka."

Samarin suka dubi juna. Babu mai sauran ƙarfin turi. Jaɓɓo, da ya tabbata babu maraƙi, ya tsaya yana kallon kakakin yana girgiza kai. Sai ya koma ya jawo amalankensa mai bijimai biyu, ya ɗaure igiya a gindinta, ya ɗaura a hancin motar.

Haka Ummi ta shiga Kalmalo. Bijimai a gaba, jar mota a baya da guntun ribon, garken shanu na rakiya hagu da dama, bas da babura na biye. Matan garin suka saki guɗa suna dariya, wata na cewa ba a taɓa kawo musu amarya da dukiya haka ba. Dabo na riƙe da sitiyari da hannu biyu, ya kunna sigina da za a sha kwana, ya leƙo yana cewa, "Jaɓɓo, rage gudu, akwai manya ciki."

Aka kai amarya ɗakinta, aka damƙa amana, aka yi addu'a. Da Tasalla ta sunkuya yi mata sallama, Ummi ta riƙe hannunta ta raɗa mata, "Yaya, ki ce ma Injiniya na yafe mai gudummawar biki, wanga ya ishe ni har in tsufa." Tasalla ta ji dariya ta taso mata, ta danne da ƙyar.

Da suka fito, Dabo na tsaye jikin mota ya buɗe ƙofofi huɗu, hannun riga a naɗe.

"Ku shigo mu koma. Na gano matsalar. Safar ce ta yi kauri, da ta bazara nis sa da ba haka ba."

Gwaggo ko kallonsa ba ta yi ba, ta wuce ta hau bas. Ƙawar amarya ta bi ta. Saura Tasalla. Ta tsaya tsakanin motar mijinta da bas, mata na kallonta ta taga. Ba ta taɓa wuce shi a gaban mutane ba tunda aka kawo ta gidansa. Ta dube shi, ta dubi kakakin, ta ɗan rusuna.

"Malam, sai ka iso."

Ta hau bas. Gwaggo ta matsa mata wuri, ta ɗora mata ƙonannen ɗankwalin a cinya.

Bas na juyawa Tasalla ta hango Dabo ta taga ya nufi Jaɓɓo, wanda ke kwance igiyarsa.

"Jaɓɓo, tsaya mana. Bijiman ga naka sun san hanyar Illela?"

"Sun san ta."

"Na ga na hagun kamar shina ɗan ja baya. Da za ka bari in duba maka shi..."

Jaɓɓo ya shiga tsakaninsa da bijimin, ya gitta sanda.

"Zan kai ka har gida. Amma ka taɓa min sa, a nan za ka kwana."